Hancin Settimio da Kwalabe Shida

A garinmu Castelrufo, can kan tudun da kurangar inabi ta lulluɓe, babu wanda bai san hancin Settimio ba. Ba wai ya fi na kowa girma ba ne, ko da yake ba laifi, yana da auki. Mai hancin ne ba ya barin a manta da shi. Shekara talatin da biyar Settimio yana aski a bakin dandali, kuma duk wanda ya zauna kujerarsa sai ya sha labari, ga aska a maƙogwaro, ba halin musu.

"Ni fa," in ji shi, "a ba ni ruwan inabi in shinshina sau ɗaya tak, in gaya maka ƙasar da aka noma shi, da shekarar, da ko gonar gabas take kallo ko yamma. Akwai wanda na taɓa shinshinawa na ce wa mai shi, shekarar da ka matse wannan kai da matarka kuna gaba. Mutumin nan sai ya fashe da kuka."

Gaskiyar magana, Settimio bai taɓa dasa kuranga ko guda ba. Mai gonar inabi a danginsu shi ne Fulvio, yayan matarsa Ornella, mutum mai kaurin hannu da ƙarancin magana, wanda yake ɗura jan ruwan inabinsa a kwalabe ko takarda ba ya manna musu. Su biyun sun shekara talatin suna tsokanar juna.

Ana nan sai Nerina, 'yar Settimio ɗaya tilo, ta samu miji, wani Bafaranshe mai suna Gaspard. Uban yaron, Anatole, manomin inabi ne tun kaka da kakanni a ƙasar Burgundi, kuma ya aiko cewa zai zo ranar Lahadi a ci abincin rana tare a sa ranar biki.

Ornella ta ce, "Abu mai sauƙi. Yaya Fulvio ya kawo ja, mu sayi fari kwalba biyu, shi ke nan."

Settimio ya ajiye cokali. "Shi ke nan? Bafaranshe zai tako har gidana, ki ba shi abin da yayanki ya tattake da ƙafarsa? Ya koma ƙasarsu ya ce ya aurar da ɗansa gidan da ba a san komai ba?"

"To da me ka sani?"

"Za ki gani. Kwalba shida zan zaɓo, farare uku, jajaye uku. Na Jamus, na Faransa, na Fotugal, na Sifen, da namu. In naɗe kowace da tsumma, in shinshina a gabansa, in faɗi sunanta. Ran nan Faransa za ta san akwai hanci a Italiya."

Nerina ta kama hannunsa. "Baba, don Allah. Mutumin nan ba ya son wasa da abin sana'arsa. Da ƙyar Gaspard ya shawo kansa ya yarda ya zo."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Kafin a kawo nama zai roƙe ni in koya masa."

Ya shiga birni ya sayo kwalaben nan shida. Dabararsa kuwa ba ta da alaƙa da hanci. Kwana biyar yana tsaye gaban tsohon madubin askinsa yana haddace abin da aka rubuta jikin kowace kwalba, da jerin yadda zai ɗauko su: ta farko Jamus, ta biyu Fotugal, ta uku Faransa, haka har shida. Har yadda zai lumshe ido ya ɗaga ɗan yatsa sai da ya gwada.

Lahadi da safe ya tuna fari da sanyi ake shan sa. Ya buɗe firji, ya tarar Ornella ta cika shi maƙil da kifi da cuku da kwanon kirim.

"Ka taɓa mini kwano ɗaya," in ji ta, ludayi a hannu, "yau a ɗaura maka aure da asibiti."

Sai ya kwashi fararen nan uku ya nufi dandali, inda ruwan maɓulɓula mai sanyin ƙanƙara yake zuba cikin wani babban kwami na dutse. Ya jera su cikin ruwan a tsanake, Jamus a hagu, Fotugal a tsakiya, Faransa a dama. Ya dawo gida ya tuna ja ba a son sa da sanyi, ya jera jajayen a kan tandar da Ornella take gasa nama, don su ɗan sha ɗumi. Sannan ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya shafa man gashi, ya koma dandali.

A bakin kwamin ya tarar da maƙwabciyarsu Clelia, tsohuwar da duk gari wurinta ake sayen ruwan kal, mai tsamin nan da ake zuba wa ganyen salak. Ta ajiye kwalbarta guda a gefen kwamin tana wanke hannu. Settimio ya leƙa ruwa. Takardun kwalaben sun jiƙe sun saki, ga su can suna yawo a kan ruwa kamar agwagi.

"Wayyo, Jamus!" Ya miƙa hannu zai kamo ɗaya, ta gudu. Ya ƙara miƙawa. Ya ɗora gwiwa a bakin dutsen mai gansakuka, sai ji aka yi tinjim, Settimio ya shige ruwa da ka, ƙafafu a sama. Da ya wuntsila ƙafarsa ta shuri kwalbar Clelia, ita ma ta bi shi ciki.

Masu shan kofi a bakin dandali suka miƙe tsaye.

"Settimio, yau wankan ango kake yi?"

"Ku bar shi, ruwan yake shinshinawa daga ciki!"

Ya fito yana ɗiga yana kakkarwa, ya lalubo kwalabe uku ya rungume. Dukansu kore ne masu duhu, ba takarda, ba tantancewa.

Clelia ta ce, "Kai, tsaya. Ɗaya daga cikin nan tawa ce. Taka ɗaya tana can ƙasan ruwa."

"Inna Clelia, ni za ki gaya wa? Kayana ne, ko cikin barci na san su."

"Na ce maka tawa ce!"

"Ki je ki nemi taki. Mutumin da ke jiran baƙi daga Faransa ba shi da lokacin gardama da mai sayar da tsami."

Ta riƙe ƙugu ta bi shi da kallo. "To, Allah ya ba da sa'a. Zan zauna a tagata in ga ƙarshen abin."

Kafin ya kai ƙofar gida ya yi atishawa bakwai. Yana shiga kicin sai ga wani ƙamshi, ga wani ja yana bin jikin tanda yana tsiyaya ƙasa. Ɗaya daga cikin jajayen ta yi zafi ta tunkuɗe murfinta, ta amayar da abin da ke cikinta. Sauran biyun ko taɓa su sai da tsumma.

"Wa ya ce ka dafa su?" in ji Ornella.

"Ba dafawa ba ce, farkar da su nake. Ke ba za ki gane ba."

Ya haye sama ya canza kaya. Yana can yana fama da wando baƙin suka iso. Anatole, dogon dattijo mai furfura da tsayayyen wuya, ya gaida Ornella da yarenmu, don yana ji sarai, ya miƙa mata wata tsohuwar kwalba mai ƙura, ba takarda a jikinta. Ya ce a sha ta a ƙarshe. Ornella ta yi godiya, ta ajiye ta kan teburin kicin, ta fita da baƙi zuwa rumfar inabin ƙofar gida inda aka shirya tebur.

Settimio ya sauko ta baya, hanci ya toshe ruf, ko hayaƙin tanda ba ya ji. Yana neman abin da zai cike gurbin kwalbar da ta zube, sai ya ga mai ƙurar nan. Kwalba ba takarda, ai sai Fulvio. Ya yi murmushi har kunne. Ya samu ta shida, kuma ya samu damar kunyata surukinsa a gaban Faransa. Ya nannaɗe duka shidan da tsummoki, ya jera a kwando, ya fito yana taƙama.

Rumfar kuwa tana fuskantar dandali. Tagogin maƙwabta duk a buɗe, kowace da kai biyu ko uku. Clelia ta jawo kujera har da matashi.

Aka gaisa. Aka kawo kifi. Settimio ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi.

"Sinyor Anatole, na ji an ce ku Faransawa kuna ɗan taɓa sanin ruwan inabi."

"Muna ƙoƙari," in ji Anatole.

"To yau ka zo makaranta. Fari da kifi, ja da nama, wannan ko jariri ya sani. Amma sanin wane fari, nan ake bambanta maza."

Fulvio ya ce, "Suruki, muryarka fa kamar daga cikin tulu take fitowa."

"Hancina ne yake tattara ƙarfi."

Ya buɗe ta farko ya zuba wa kowa. Ya ɗaga kofinsa ya juya shi yadda ya gwada a madubi, sai dai hannun yana rawar sanyi, rabin abin ya fantsama a rigar Gaspard. Ya cusa hanci cikin kofin ya ja iska. Babu komai. Ya sake ja, hancin ya yi wata ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Ya lumshe ido, ya ɗaga ɗan yatsa.

"Jamus. Bakin kogi. Ina jin sanyin dutse, ina jin tuffa, har ina jin takun sojoji."

Anatole ya kurɓa kaɗan. "Wannan namu ne, Sinyor. Daga gonata zuwa inda aka yi shi bai fi tafiyar awa guda ba."

"To, ai abin da nake nufi ke nan. Faransa ce, amma kurangar tana kallon Jamus."

Wani daga taga ya ce, "Da tabarau take kallo?" Dariya ta zaga dandali. Nerina ta sunkuyar da kai cikin farantinta.

Settimio ya yi maza ya buɗe ta biyu, ya zuba wa kansa cike da kofi. Da hancin yana aiki, da tun daga murfi ya tsaya. Ya kafa kai ya yi babbar kurɓa.

Abin ya sauka a maƙogwaronsa kamar an haɗiye ƙaya. Idanunsa suka kawo ruwa, kunnuwansa suka yi ja, yatsun ƙafarsa suka dunƙule cikin takalmi. Amma ga Anatole yana kallo, ga gari yana kallo. Ya haɗiye.

"Baba, lafiya? Kuka kake?"

"Kukan daɗi ne," in ji shi da wata siririyar murya. "Fotugal! Bakin teku! Kun ga wannan kaifin? Iskar gishiri ce. Ba kowane baki yake iya ɗaukarsa ba. Miƙo kofinka, Sinyor."

"Daga nan ma ina jin warinsa," in ji Anatole yana janye kofi.

"Ƙamshi ake cewa. Sha dai!"

Ya bi kowa ya tsiyaya masa. Gaspard, don ya faranta wa uban amaryarsa, ya kurɓa, ya fesar da shi a kan burodi yana tari. Fulvio ya shinshina kawai, ya jawo kwanon salak ya juye nasa a ciki, ya barbaɗa gishiri.

"Ruwan kal ɗina!" Clelia ta ƙwala ihu daga taga. "Na gaya masa tawa ce! Fotugal ɗin gidanku! A bayan kicin ɗina aka haife shi, watan jiya!"

Dandali ya kaure. Wani har da buga murfin tukunya. Ornella ta zo ta raɗa masa, "Zauna haka nan, tun da sauran mutunci."

"Gwaji ne! Na gwada su ne in ga ko suna farke. Kawo nama, a shiga ja!"

Aka kawo gasasshen naman sa. Ya buɗe ja ta farko, tururi ya biyo murfin. Anatole ya taɓa kofinsa ya janye yatsa.

"A nan garin da zafi kuke sha?"

"Na Sifen ne. Rana ce a cikinsa ba ta gama fita ba."

"A kawo masa madara da sukari," in ji Fulvio, "ya karya kumallo."

Settimio ya koma ga kwandonsa. Abu ɗaya ya rage masa wanda ya tabbata ba zai kuskure ba. Ya tsallake ta biyar, ya lalubo mai ƙurar nan, ya buɗe, ya zuba, ya kurɓa. Bakin da ruwan kal ya gama ƙonawa bai ji komai ba. Ya yamutse fuska, ya tofar a ƙasa.

"Af! Wannan ko ba hanci na san shi. Jama'a, ku saurara. Wanda ya yi wannan bai san inabi ba, bai san ganga ba, bai san kunya ba. Warin tsohuwar safa yake. In ka ba jaki ya sha, sai ya kai ka ƙara. Mutumin da ya haɗa wannan kamata ya yi a ƙwace gonarsa a ba shi akuya ya yi kiwo." Ya juya ya nuna Fulvio. "Ga mai shi nan zaune!"

Fulvio ya ɗaga wata kwalba daga ƙarƙashin kujerarsa. "Tawa ga ta nan, suruki. Ban ma buɗe ba."

"Ƙarya! Duba ka ga inda ya dace da shi." Settimio ya karkata mai ƙurar nan a kan tukunyar furen Ornella ya fara tuttulawa. Tsumman ya zame ya faɗi.

Anatole ya miƙe tsaye a hankali. Fuskarsa ta koma fara fat kamar cuku.

"Ajiye kwalbar nan."

Yadda ya faɗa, sai da Settimio ya ajiye.

"Shekarar da aka haifi Gaspard na ɗura ta da hannuna, ni da mahaifiyarsa, kafin ta rasu. Guda goma sha biyu muka ajiye. Wannan ce ta ƙarshe. Shekara ashirin da takwas ina jiran ranar da zan buɗe ta a gidan matarsa." Ya ɗauki hularsa. "Gaspard, tashi. A je a nemo mini akuyar."

Nerina ta fashe da kuka. Gaspard ya tsaya tsakanin ubansa da ita, bai san inda zai sa ƙafa ba. Settimio ya buɗe baki zai yi bayani, sai atishawa ta riga shi, har sau uku.

Fulvio ne ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar. Saura kusan rabi. Ya goge wani kofi da gefen rigarsa, ya zuba kaɗan, ya shinshina ya daɗe, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Anatole ya juyo yana kallonsa.

"An yi ruwa a ƙarshen damina shekarar nan," in ji Fulvio. "Kuma ba ka yi gaggawar tsinka ba. Ka jira."

"Kwana tara na jira," in ji Anatole. "Maƙwabtana duk suka ce na haukace."

"Da ni ne da ban iya ba. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa yin kamarsa ba. Zauna, ɗan'uwa. Wanda ya zage shi ruwan kal ya sha ya ce Fotugal. Zaginsa yabo ne."

Gefen bakin Anatole ya motsa. Ya dubi Nerina tana share hawaye, ya dubi ɗansa, ya dubi tukunyar furen. Ya mayar da hular kan kujera.

Aka raba abin da ya rage, kowa ɗan kurɓi. Ornella ta tsallake kofin mijinta ko kallonsa ba ta yi ba. Sannan Fulvio ya buɗe tasa, Anatole ya ɗanɗana ya ce tana da taurin kai irin na mai ita amma gaskiya take faɗa, suka shiga gardamar ƙasa da ganga kamar tare suka tashi. Kafin a kawo cuku an sa ranar biki, bayan an gama tsinkar inabi.

"Da sharaɗi ɗaya," in ji Anatole. "Abin sha na biki, ni da Fulvio za mu zaɓa."

Settimio, wanda tun ɗazu yake zaune ƙarshen tebur da hankici a hanci, ya ɗago. "Ni fa? Uban amarya guda?"

"Kai," in ji Anatole, "an ba ka ruwa. Duk ruwan shan biki a hannunka yake."

Tagogi suka yi tafi. Wani zai ɗauka a nan mutum zai yi shiru ya ci cukunsa. Settimio ya gyara zama, ya ninke hankicin, ƙirjin ya fara dawowa.

"Ka yi dacen mutum, Sinyor. Mutane suna raina ruwa saboda ba su san shi ba. Ruwan rijiya daban, na maɓulɓula daban, na dutse daban. Bari ka gani."

"Baba..." in ji Nerina.

Ya riga ya miƙa hannu ya jawo wani tulun gilashi daga tsakiyar tebur, ya zuba, ya kurɓa, ya wasa shi a baki, ya lumshe ido.

"Wannan daga tsaunukan arewa ya gangaro. Ƙanƙarar bara ce ta narke. Ya ratsa ta cikin ciyayi, don ina jin ɗanɗanon ganye, har da ɗan fure-fure."

"Dole ka ji fure," in ji Ornella tana tattara faranti. "Kwana huɗu furannina suna tsaye a cikinsa. Ɗazu na cire su don a samu wurin ajiye nama."